Gidan Frank Lloyd Wright da kwazazzabon Grand Canyon

Jama'a, Alhamdulillahi mun dawo daga Arizona ta Amurka, amma har yanzu ƙafafuna ba su huce ba.

Mun fara da Taliesin West a Scottsdale, gidan da shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya soma ginawa a 1937 don gudun sanyin jiharsa ta Wisconsin. Shi da almajiransa duwatsun da ke zube a hamadar suka tsinto, suka jera cikin katako, suka zuba kankare. Shi ya sa bangon ya saje da ƙasar wurin. Ka shafa sai ka ji kaushin dutse, wani ja, wani ruwan toka. Rufinsa na farko ma tamfol ne, don haske ya ratso. Ya burge ni ƙwarai, sai dai wasu ƙofofin, dogo sai ya sunkuya.

Grand Canyon kuwa, kogin Colorado ne ya ƙwaƙule shi, zurfinsa a wasu wurare ya haura mita 1,800. Mun bi Bright Angel, hanyar ƙafa mai gangarawa cikin kwazazzabon. Gangarawa ba wuya, hawowa ne aiki, ga zafi na ƙaruwa kana yin ƙasa. In ayarin alfadarai ya taho, dole ka raɓe jikin dutse su wuce. Ba mu kai kogin ba, don allunan hanyar sun yi kashedin sauka a dawo a yini guda.