Asabar, 30 ga Nuwamba: Kwamishina Habib a zauren Kawu

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa bana, tun asuba ƙura ta lulluɓe Maraɗi. Da na gama wanki na sauke tukunya, sai na hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa. Da gangan na ware wannan rana, domin a rana irin ta yau, a 2013, marubucin nan ɗan Mali Musa Konate ya rasu a garin Limoj na Faransa yana da shekara 62, kuma ina son ranar Litinin in yi wa ɗalibaina maganarsa da littafi a hannu.

Mai littattafan da nake zuwa wurinsa ya shimfiɗa kayansa a kan buhu, ya danne kowane tsibi da dutse don kada iska ta kwashe. Gefe guda tsofaffin littattafan lakwal na Faransanci, bangonsu ya ci rana har ya koɗe. Ɗaya gefen na soyayya ne da ake kawowa daga Kano, sai na addu'o'i da fassarar mafarki. Na tambaye shi ko yana da na Konate, ya girgiza kai. Na ce to, ko wani labarin binciken kisan kai da Hausa? Ya bushe ƙurar da ke kan wani littafi ya ce, "Malama, ba a tambayata irinsu. Yaran yanzu ma a waya suke karatu." Na sayi alli da jan biro na juyo. Dole dai nawa tsohon kwafin ne zai je aji, wanda na ɗaure bayansa da salatif.

Abin da ya sa mutumin nan yake raina, malamin makaranta ne kamar ni kafin ya zama abin da ya zama. A Kita ta ƙasar Mali aka haife shi a 1951, ya yi karatun adabi a babbar makarantar horon malamai ta Bamako, ya koyar da Faransanci shekaru, daga baya ya ajiye alli ya rungumi alƙalami. Littafinsa na farko ya fito a 1981. A 1990, shugaban soja Musa Tarawure yana kan mulkin Mali, ya fitar da littafin da ya caccaki yadda aka kashe wa ƴan Mali fatansu, kuma a watan Maris na 1991 gwamnatin ta faɗi. Mai rubutu irin wannan a lokacin soja ba matsoraci ba ne.

Amma duniya ta fi saninsa da Kwamishina Habib, dattijon ɗan sanda mai shugabantar sashen manyan laifuka a Bamako, da yaronsa Sufeto Soso. Labarin farko, L'Assassin du Banconi, a wata unguwar talakawa ta Bamako yake, kuma kamfanin Gallimard ya buga shi a 2002. Wanda na fi so shi ne L'Empreinte du renard na 2006, inda aka tura su ƙasar Dogon saboda samari suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Dogon suna da nasu bugun ƙasa: da yamma masu duba su zana gidaje a rairayi, su watsa gyaɗa, da dare yanyawa ta zo ci ta bar sawunta, da safe a karanta abin da sawun ya faɗa. Cikin mutanen da ke neman gaskiya ta wannan hanya Habib ya sauka da takardar hukuma a aljihu, kuma babu wanda takardar ta dama. A na 2009, La Malédiction du lamantin, shugaban Bozo masunta ne aka tsinci gawarsa da ta matarsa a bakin kogin Kwara bayan hadari, jama'arsu kuma suka tsaya a kan fushin ayu ne.

Bayan la'asar na tafi Bagalam gaida Kawu. Tsohon jandarma ne, ya yi aiki a ƙauyuka da yawa kafin ya yi ritaya, yanzu idonsa ya yi rauni. Na same shi a zaure ya lulluɓa da bargo, rediyo a gefen kunne, gawayin shayi yana ci a gabansa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigida da yara ɗaya-ɗaya da sunansu. Da ya ji littafi a hannuna ya ce, "Ɗiyata, me kuma kika ɗauko yau?" Sai na shiga ba shi labarin ƙasar Dogon da Hausa, ina buɗa shafi ina taƙaitawa.

Da na kai inda kowa a garin ya kame bakinsa, Habib yana tambaya ana ba shi amsa da karin magana, Kawu ya kashe rediyo. Ya ce, "Wannan marubucin ya zauna da mutane." Ya ce a zamaninsu in aka kira su kan mutuwar da ba a gane ba, kafin motarsu ta iso an yi wanka, an yi sutura, an kai. Ka tambayi uba, ya ce kwana ne ya ƙare. Ka tambayi maigari, ya ce ai an sasanta. Wanda ya shiga gari da takalminsa da tsawarsa, in ji shi, da littafin rubutunsa fari fat zai koma. Shi yakan tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya sha ruwan da aka miƙo masa, ya yi ta'aziyya kamar kowa, ya kwana in ta kama. Maganar gaskiya kuwa sau da yawa daga bakin tsohuwa take fitowa, ko yaron da aka aiko da abinci. Yana faɗa yana murza ƙaramin kofin shayi tsakanin yatsunsa, har shayin ya huce bai kurɓa ba.

Abin da nake girmama Konate a kai ke nan. Bai mai da mutanen ƙauye jahilan da ɗan boko zai zo ya waye ba, bai kuma mai da al'ada tsarkakakkiyar da ba ta cin rai ba. A littattafansa ana kashe mutum da sunanta, kuma akwai kwaɗayin kuɗi da na mulki a ƙarƙashi. Habib ya yi makarantar Nasara, ya yarda da doka, amma duk inda ya je sai ya tarar akwai wata shari'ar da ta riga tasa zama, kuma sanin wanda ya yi kisa ba ya nufin za ka iya sa masa ankwa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake binne magana a zauren mai unguwa don kada zumunci ya ɓaci, ya san wannan ba labarin Mali kaɗai ba ne. Ina tausayin dattawan da ke sasantawa, na san abin da suke tsoro. Amma na fi tausayin uwar da aka ce ta yi haƙuri alhali ta san wanda ya yi.

Kuma bai tsaya ga rubutun da birnin Paris zai yaba ba. A 1997 ya kafa kamfanin ɗab'i na Le Figuier a Bamako, yana buga littattafan yara har da harsunan Mali irin su Bambaranci, ya kuma yi shekaru cikin jagororin bikin marubuta na Étonnants Voyageurs da aka riƙa yi a can. Labarin Habib na Tambutu sai a 2014 ya fito, bayan mai shi ya kwanta dama. Ɗalibaina da yawa Faransanci yana yi musu nauyi, da sun kai shafi na biyu sun gaji, amma in na ba su labari da Hausa ko motsi ba sa yi. Ga iyakar Ɗan Isa a kusa da mu da abin da ke ratsa ta dare da rana, ga rigimar gona da ta gado, ga tsofaffi irin Kawu da cikinsu ke cike. Ina jin zafin yadda ba na samun irin waɗannan labarai da harshenmu a kan buhun mai littattafai.

Da aka kira magariba na miƙe. Kawu ya ce in dawo Juma'a in ƙarasa masa, yana son jin ko kwamishinan ya kama wani ko ya dawo Bamako hannu rabbana. Ya ce in taho da kaye da biro, akwai wata magana ta rijiya da ya bincika yana saurayi wadda har yau ba ta bar shi ba, zai ba ni in rubuta, da sharaɗin in sake sunan garin da na mutanen domin jikokinsu suna raye. Na ce to, Kawu. Na biya na sayi ƙosai na yara, na tarar an ɗauke wuta a unguwa.