Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Na Fara Haɗa Ƙyalle

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a haihuwar ɗana na fari da dawowata daga wankan gida. Wasu sun tambaye ni labarin keken ɗinkin da na ce Baba ya sa mini cikin kayan ɗaki. Yau Allah Ya kawo mu kansa.

Keken Butterfly ne, ɗan Cana, baƙi mai zanen ruwan zinariya, na ƙafa. Tun da na tare a gidan su maigida a unguwar Mokoyo ta Maradi yana nan jikin bango a lulluɓe, an ɗora masa kwanonin jere. Na iya taka shi, don a gidanmu na koyi kalmasa da ɗinkin ɗan kamfai, amma wace amarya ce za ta zauna ɗinki alhali tela yana bakin titi, atamfa kuma tana sayuwa?

Sai ga watan Janairun 1994. Ranar 11 ga wata shugabannin ƙasashen da ke amfani da sefa suka yanke shawara a Dakar, washegari muka ji a rediyo an karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Lokacin mulkin Mahamane Ousmane ne. Mu matan aure ba mu san lissafin banki ba, a Babbar Kasuwa muka gane abin da aka yi mana. Atamfa 'yar Holan da shadda mai kyau suka fi ƙarfin mai albashi, albashin ma ba ya zuwa kan kari. 'Yar masaƙar Sonitextil ta Yamai, wadda a da ake yi wa kallon ta yau da kullum, ta samu daraja. Har kayan Kano da na Kaduna masu shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa sai da suka motsa. Ga sanyi ya kankama, mu kuwa unguwarmu tana gangaren gulbi, in asuba ta yi iska har cikin ƙashi take shiga. Bargon da nake da shi ɗaya ne, ga jariri. Na yi wa maigida maganar ƙarin bargo, ya yi shiru, daga baya ya ce, "Ki yi haƙuri azumi ya wuce." Na san babu ce, ba ƙi ba.

Uwar maigida, wadda duk gidan ke kira Inna, ita ta ji zancen ta bayan zana. Da la'asar ta aiko a kira ni. Na tarar ta zazzage wani tsohon akwatin ƙarfe, ta fito da gwado mai nauyi, fari da ratsin baƙi, duk ya sha wanki ya yi laushi. Ta ce in duba shi da kyau. Na duba, sai na ga ashe ba falle ɗaya ba ne, sawaye ne sirara, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba, an haɗa su baki da baki da allura. Ta ce uwarta ce ta kaɗa zaren da mazari, masaƙi ya saƙa, ita kuma tana yarinya ta taya haɗi. Da wannan gwadon aka fito da su daren da ruwan gulbi ya ci tsohon gari a 1945, kafin mutane su hau tudu inda Maradi take yanzu.

"Ɗiyata," in ji ta, "mu da muka tashi ba mu san zane ya zo da faɗinsa ba. Haɗa shi ake yi. Kina da keke a ɗaki, tela yana zubar da dukiya a bola, ke kuma kina kukan bargo?"

Azumin shekarar ya kama cikin Fabrairu, Sallah ƙarama tsakiyar Maris. Duk wanda ya san teloli ya san watan azumi ba su barci. Duk da tsadar, mutanenmu ko da bashi sai sun yi wa yara ɗinkin Sallah. Akwai wani dattijon tela a bakin layinmu, abokin marigayi surukina. Inna ta aika masa da ƙanen maigida, ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne, shara aka rage masa. Kullum bayan asham yaron zai shigo da ƙunshi. Kafin Sallah na cika buhun shinkafa da ƙyallaye: bakin zane, abin da aka fitar daga wuyan riga, guntun hannu, ragowar ɗankwali. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma ko tela ya kai ƙwararre sai ya zubar da wani abu, musamman in ɗinkin mai yawan yanka ne.

Ban taɓa keke ba sai bayan Sallah, don Inna ta ce aikin ba daga allura yake farawa ba. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro muka yi tsinta. Atamfa gefe, shadda gefe, yadin roba da leshi ta ce a ba yara su yi wa 'yar tsana. Dalilinta, kowane yadi da yadda yake shan ruwa. In kika haɗa atamfar kaɗa da yadin roba, ranar wanki ɗaya zai tsuke ɗaya ya tsaya, ɗinkin ya tattare. Sannan ta sa aka kawo ruwan ɗumi a farar roba. Ta ɗauki wani jan ƙyalle mai ɗaukar ido, wanda ni har na ware shi don tsakiya, ta tsoma, ta murza da yatsu biyu. Kafin ta ɗaga hannu ruwan ya koma ja wur. Ta ɗauki wani guntun 'yar Holan ta tsoma a sabon ruwa, ta murza, ta matse, ruwan yana nan fari tas. Ba ta ce komai ba, ta miƙo mini robar. Haka na bi buhun nan kala-kala, mai zuba na yi ta ɗauraye shi har ya daina, wanda ya ƙi dainawa na fitar da shi. Igiyar shanyarmu ta yi kwanaki tana ɗauke da guntaye, maƙwabta suna leƙe.

Ma'auni kuma da kwalin sukarin Saint Louis muka yi shi. Na yanke murabba'i, santimita 12 kowane gefe, in ɗora a bayan ƙyalle, in zagaye da guntun sabulu da ya siraɗe, in yanke. Santimita guda a kowane baki na ɗinki ne, saura 10 su ne za su fito a fuska. Abin da Inna ta fi tsanantawa shi ne bin zare. Za ta ja ƙyalle ta tsaye, ta ja ta kwance, ba ya motsi, sai ta ja shi ta kusurwa ya miƙe. Ta ce duk wanda aka yanka a karkace, ko ya yi kyau yau, gobe zai saki ya ja 'yan uwansa. Har yau in na ga zanen gado na haɗi yana tudu da kwari, na san nan aka yi sakaci.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Matar wan maigida, da ta ga abin da nake yi, ta ce a gaban mutane, "Amarya, kayan almajirai za ki shimfiɗa wa ƙanen namu?" Ban riƙe ta ba, Allah Ya ji ƙanta, mun zauna lafiya har ta rasu. Abin da ta faɗa shi ne ke bakin mutane da yawa: ƙyalle na matsiyaci ne. Ni kuwa na ce wanda bai taɓa zama ya jera kala ɗari a ƙasa yana neman wadda za ta zauna kusa da wadda ba, bai san aikin ba. Duhu yana son haske a gefensa. Mai manyan fulawoyi yana son mai ƙananan zane ya raba shi da ɗan uwansa. Ja in ya yi yawa sai ya cinye sauran. Wannan ido ne, kuma koyonsa ake yi. Shekaru da yawa bayan nan ɗiyata ta nuna mini a waya aikin wasu mata baƙaƙen fata na wani ƙauye, Gee's Bend, a jihar Alabama ta Amurka. Da tsofaffin wandunan aiki da guntayen riguna suke haɗa mayafan sanyi, kuma a 2002 aka rataye aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, mutane suna zuwa kallo. Na yi musu murna. Na kuma yi takaici, don a Maradi da Tibiri da Madarumfa na san hannuwan da ba su gaza nasu ba, amma sai mai aikin ta ɓoye shi ƙarƙashin zanen gadon kanti in baƙi za su shigo.

Ɗinkin keke shi ne mai sauƙi. Bayan azahar, in na sauke tukunya yaro ya yi barci, sai in hau. Murabba'i da murabba'i su zama layi, layi da layi su zama falle. Kowane layi sai na bi shi da dutsen guga na gawayi, in kwantar da bakin ɗinkin wannan dama, na mai bi masa hagu, don kusurwoyi su haɗu ba tare da ƙulli ba. Zafin Afrilu da Mayu a garinmu ba sai an faɗa ba, ga gawayi, ga zufa, amma a lokacin na gane ina son abin nan don kansa. Gidan yawa ne, surutu ba ya ƙarewa, in na sa ƙafa a keke kuwa kaina ya kan yi sanyi. Kuma na san ƙyallayen: wannan na ankon bikin gidan liman ne, wancan rigar Sallar ɗiyar mai waina.

Da damina ta faɗi fuskar ta kammala. Inna ta ba ni wasu tsofaffin zannuwanta biyu na sa a ciki, na sayi farin alawayyo na yi shafi. Muka share ɗaki, muka shimfiɗa ukun a ƙasa, shafi, ciki, fuska, muka kama su da dogon ɗinki wanda za a zare daga baya. Sannan aikin hannu, daga tsakiya zuwa baki, don in an faro daga gefe yadin zai taru ya yi ciki a tsakiya. Ita ta riƙe gefe ɗaya ni ɗaya. Idonta ya fara rauni, ni ke zura mata zare, amma tazarar ɗinkinta ko da awo aka yi sai haka. Nan na ji labaran da ban taɓa ji ba, na zamanin cinikin gyaɗa, da yunwar 1973 da ta 1984, da 'ya'yan da ta binne kafin maigida ya tsaya. Mace ba ta faɗa wa surukarta irin waɗannan ido cikin ido. Kai a sunkuye kan allura ta faɗe su.

Da sanyi ya dawo a watan Disamba, mayafin yana kan gadona. Nauyinsa ya fi na bargon kanti, kuma iska ba ta ratsa shi. Maigida ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ke da Inna kuka yi wannan?" Washegari ya shigo mini da man keke da allurai da zare ba tare da na tambaya ba.

Ana haka wata Hajiya, matar ɗaya daga cikin manyan alhazan garin nan, ta zo duba Inna da jiki. Ta ratsa tsakar gida ta ga mayafin a igiya, ta tsaya, ta kama bakinsa tana bin ɗinkin da farce. Ta ce ɗiyarta za a kai ɗaki bayan Sallah, tana son irinsa guda biyu, in faɗi kuɗina. Ni ban taɓa tunanin sayarwa ba, kuma na san ra'ayin maigida kan mace ta karɓi aikin waje. Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

Amsar da na ba Hajiya, da rigimar da ta biyo baya a gidanmu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.