Baƙo na zuwa da rani, ciwo na zuwa da damina

Shekara shida ina riƙe da littafin kuɗi na wata 'yar ƙungiyar taimakon marayu da marasa lafiya a Yawuri. Da farko abin da ke shigowa bai wuce karo-karon 'yan ƙungiya da ɗan abin da masu hali ke miƙowa da azumi ba. Wani ɗan'uwanmu da ya taɓa zama a Sabuwar Bussa shi ya kawo shawarar mu riƙa kai mutane yawon buɗe ido gandun dajin Kainji, ribar ta shiga asusun marayu.

Gandun yana jihohin Neja da Kwara, ɓangaren Borgu a yammacin tafkin Kainji, na Zugurma a gabas, kuma tun 1979 yake hannun gwamnatin tarayya. Kuɗin shiga na hukumar gandun ne, ma'aikatanta ne kuma ke shiga da mutane cikin daji. Namu shi ne abin da matafiyi ke buƙata daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar gandun: hayar bas, abinci, ruwan sanyi, tabarmin salla, da mutum guda da zai riƙa yi wa yara bayani da Hausa. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne da malamansu, daga Birnin Kebbi da Zuru da Jega.

Tafiyar farko ta ba ni kunya. Na cika mutane da labarin marayun da kuɗinsu zai taimaka, alhali shinkafa ba ta nuna ba sai bayan la'asar, taya ta fashe ba mu da safaya. Muna tsaye bakin hanya wata malama ta ja ni gefe ta ce, "Malam, da sadaka muka fito bayarwa, da a ƙofar masallaci muka tsaya. Kuɗin tafiya muka biya, yaran nan kuma amanar iyayensu ce." Ban sami abin cewa ba. Daga ranar na daina ambaton marayu kafin a tashi. Inna mai yi mana girki ta koma tashi tun kafin asuba, dafa-duka a kula, soyayyen kifi a kwando, ni kuma ba na yarda bas ta motsa sai na ga safaya da jak da idona. Sai an dawo, yara sun ga dorina a kogin Oli, sun ga bika da gwanki, kowa ya ƙoshi, sannan nake faɗin inda ribar ke zuwa. A lokacin ne ma wasu ke ƙara wani abu daga aljihunsu.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin na gane shi ne lissafin watanni. Baƙi na zuwa ne daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi na sauka bakin ruwa, hanya na biyuwa. Ƙofarmu kuwa a Agusta da Satumba ake cika ta: zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba, ga ruwa na cin gidaje. Shekarar farko muka raba ribar kaf a watan Afrilu, aka yi ta sa mana albarka. Da damina ta yi nisa wata bazawara ta zo da ɗanta jiki kamar wuta, asusun ba ko sisi. Aljihunmu muka laluba.

Dattijon da ke shugabantar mu ya kira ni bayan isha'i. Ya ce, "Ɗana, kuɗin rani a rumbu ake sa shi." Na ce, "Baba, mutane za su ce mun danne haƙƙin marayu." Ya ce su faɗa. Sun kuwa faɗa, har da waɗanda nake jin nauyinsu, kuma ya yi min ciwo. Ribar Disamba da Janairu muka koma sayen dawa da gero da ita tun hatsi na da sauƙi. Saura muka kasa uku: magani, gyaran kayan aiki, da ajiyar da ba a taɓawa sai mutum uku sun sa hannu.

A 2020 korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, tafiye-tafiye suka tsaya cak. Da damina ambaliya ta share gonakin shinkafa a Kebbi. Buhunan nan da aka zage mu a kansu su muka riƙa aunawa da tiya muna kai wa gidaje. Bayan haka labarin 'yan bindiga a dajin ya yi yawa, ba uban da zai ba da ɗansa, mu ma ba za mu karɓa ba.

Ina yawan tuna Ruwanda, inda baƙo ke biyan dala 1,500 don ganin gwaggon biri, kuma tun 2017 kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gandun daji ke komawa ga ƙauyukan da ke kewaye. A ganina irin wannan tsarin ya fi namu tsayuwa, domin ƙauyen da ke cin moriyar daji shi zai fara tsare shi. Mu daga nesa muke ɗauko baƙi, ƙauyukan bakin gandun ba su ci komai daga hannunmu ba sai kuɗin itace da ruwa, kuma wannan na damuna har yau.

Yanzu tukwanen da kulolin haya muke bayarwa a gidajen biki. Idan lokacin Rigata, bikin wasannin ruwa na Yawuri, ya zo mukan kafa rumfar abinci a bakin ruwa, Inna na kan murhu, ni ina kan littafi. Rabin abin da aka samu a ranar ake ƙulle shi, sai Agusta.