Layi takwas a gidan sanyin Hajiya

Gidan sanyin Hajiya da ke wajen Asafo a Kumasi ɗaki uku ne. Biyu na daskararren kifi da kaji, ɗaya ƙarami na naman da ba a so ya daskare. Daga Tema kayan suke zuwa a mota, katan-katan, kuma idan ɗaki guda ya cika, kuɗin da ke kwance a ciki ya fi abin da nake samu a shekara nesa ba kusa ba. Duk wannan dukiya, abin da ke gadinta ɗan agogon auna sanyi ne mai allura a bakin kowace ƙofa, sai wani littafi da maigadi ke rubuta lamba a ciki idan ya tuna. Tun dumso, matsalar ɗauke wuta ta 2015, Hajiya ta sayi babban janareta, saboda haka ɗauke wuta ba ya ba ta tsoro kamar da. Abin da ke hana ta barci shi ne ba ta san halin da ɗakunan suke ciki da ƙarfe biyun dare ba. Ɗanta ne ya yi odar na'urar da za ta riƙa auna sanyin ɗakunan tana tayar da ƙararrawa, ni kuma aka aika Aboabo aka kira ni in haɗa.

Na'urar ba ta da girma. Fuskarta milimita 96 ce ta kowane gefe, ana yanka mata rami mai milimita 92 a ƙofar fanel a zura ta, a ɗaure ta baya. Tana karɓar sensa takwas, tana da rile biyu, wato makunnan da ke tayar da ƙararrawa, da bakin RS-485 na magana da kwamfuta. Yanka ramin da kawo mata wuta bai kai mu azahar ba, ni da yarona. Mu da muke riƙe da takardar Hukumar Makamashi ta masu haɗa waya, wadda dokar 2011 ta wajabta, hannunmu ya saba da bolt 230 da 400, inda ko dai wuta ta zo ko ba ta zo ba. Wannan aikin dabam ne. Waya tana iya haɗuwa, fuskar na'ura ta nuna lamba mai kyau, lambar kuma ƙarya ce.

Tare da na'urar an sayo sensa masu suna tamokopul irin K guda takwas, wai sun fi sauƙin kuɗi. Na ce a mayar da su. Ba don ba su da kyau ba: a tandar burodi ko injin narkar da roba su ne gwanaye. Amma abin da suke bayarwa kusan maikirobolt 41 ne a kan kowane digiri, kuma ba a tsawaita su da wayar tagulla ta gama-gari, sai da irin wayarsu. Ga rikicin launi. A tsarin Turai kore ne mai ƙari, fari mai ragi. A na Amurka rawaya ne mai ƙari, ja kuma shi ne mai ragi, abin da ke kayar da mai gyaran wuta da ya tashi da sanin cewa ja shi ne mai wuta. A ɗakin da digiri biyu ke raba kifi mai kyau da wanda za a yi rigima a kansa, PT100 ya kamata.

Shi PT100 ɗan siririn filatinom ne a cikin bututun ƙarfe. A digiri sifili turjiyarsa om 100 ce cif, kuma duk digiri ɗaya tana hawa ko sauka da kusan om 0.385. A digiri 18 ƙasa da sifili, inda ake ajiye daskararren kaya, mita za ta nuna maka wajen om 93. Na'urar ba ta jin sanyi, om take ƙirgawa, kuma ba ta san bambancin om ɗin sensa da om ɗin wayar da ta kawo shi ba. Ɗaki na uku yana nesa da fanel kamar mita 40. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 0.5 tana da kusan om 36 a kilomita, to zuwa da dawowa mita 80 ke nan, om 2.9. Raba da 0.385, ka samu sama da digiri 7 na ƙarya. Ɗakin da ke kan -18 sai ya fito a -11.

Maganin wannan waya uku ce: ja biyu, fara ɗaya. Jajayen biyu a ƙafa ɗaya suke haɗuwa can wajen sensa, sai na'urar ta auna turjiyarsu ta cire ta daga lissafi. Sharaɗin shi ne ukun su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya. A Adum mai shago ya so ya haɗa ni da waya mai ciki biyu, ya ce ai kowa haka yake yi, in na je sai in ɗan gada baki biyun da guntuwar waya a bayan na'ura. Gaskiyarsa, in ka yi haka na'urar za ta daina ƙorafi ta nuna lamba. Sai dai abin da za ta cire turjiyar wannan guntuwar ce, mita 80 ɗin suna nan a cikin lambar. Araha ba ta ado. Na ɗauki mai ciki uku mai rigar kariya.

Wayoyin sensa na ba su nasu bututun, nesa da manyan wayoyin kwamfuresa, inda kuma dole su haɗu na sa suka gitta juna maimakon su jera. Rigar kariyar a fanel kaɗai na haɗa ta da ƙasa, can wajen sensa na yanke ta na naɗe.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne hujin bango, kuma ina ganin ya cancanta. Iskar Kumasi jiƙaƙƙiya ce, musamman da damina. Duk ramin da ka bari a bangon ɗakin sanyi, iskar waje za ta bi shi, ta tarar da sanyi ta zama raɓa, raɓar ta bi waya har mahaɗa. Ruwa in ya kwanta tsakanin ƙafafun sensa yana buɗe wa wuta wata 'yar hanya, jimillar turjiya ta ragu, na'ura ta nuna sanyi fiye da wanda ke akwai. Ko hanyar ta kai om 10,000, kuskuren ya haura digiri 2. Ƙaryar doguwar waya tana tayar da hankali a banza, a kira ka ka zo ka duba. Ita ta ruwa kwantar da hankali take yi alhali kaya na laushi, kuma ba mai kiran ka. Saboda haka duk mahaɗa na fitar da ita waje cikin akwati mai rufi, na lanƙwasa waya ƙasa kafin ta shiga akwatin don ɗigon ruwa ya sauka a hanya, na cika ramin da kumfa, na toshe ciki da waje da silikon, har cikin bakin bututun kansa.

Sai maganar inda za a kafa sensa, wadda ta zama maganar ni da Hajiya, ba ni da waya ba. Ta shigo da rigar sanyi a kan mayafinta, ta nuna gaban ibaporeta, akwatin da ke hura sanyi.

"Malam, a nan za ka sa. Nan ne sanyin yake."

"Nan ne kam, Hajiya. Shi ya sa ba zan sa a nan ba. Iskar da ke fitowa daga nan kullum ta fi ɗakin sanyi. Ko kifinki na narkewa a wancan lungu, lambar za ta yi ta faranta miki rai."

"To ni lamba mai kyau nake so masu saye su gani."

"Wadda masu saye za su gani kike so, ko wadda za ta tashe ki da dare?"

Ta yi dariya ta ce in yi abin da na sani. Kowane ɗaki na ba shi biyu. Ɗaya a bayan ibaporeta, inda iskar da ta gama zagaya kaya take komawa, domin ita ce ke ɗauke da labarin ɗakin gaba ɗaya. Na nisanta shi daga bango da fitila da hita mai narkar da ƙanƙara. Na biyun mai doguwar igiya ne, ana cusa shi tsakanin katan biyu a tarin da ya fi nisa da fanka. Shi ba ya damuwa da buɗe ƙofa, sanyin kaya yake bi. Shida ke nan. Ragowar biyun na ɗaure su a bututun da gas mai zafi ke fita daga kwamfuresocin ɗakunan daskarewa, kamar taƙi ɗaya daga jikin injin, na lulluɓe su. Masu gyaran firiji suna da ƙa'idar cewa zafin wannan wuri kada ya wuce wajen digiri 107, don abin da ke cikin kan injin ya fi haka sosai, kuma daga nan mai yake fara ƙonewa.

Saitin cikin na'ura aikin haƙuri ne kawai, da maɓalli huɗu. Kowane layi sai ka gaya masa irin sensar da ke kansa, domin daga masana'anta dukkansu a kan K suka zo. Ka zaɓi digirin Salshiyas, ka ba shi ɗigo ɗaya. Akwai wani saiti da mutane ke tsallakewa, na abin da layi zai yi idan waya ta tsinke. Na sa ya ɗauki tsinkewa a matsayin zafi ya yi kuka. Kafin mu kafa sensa, yarona ya daddaka daskararren fiya wata a bokiti, muka zuba ruwa kaɗan muka motsa, muka tsoma su duka. Ƙanƙara da ruwa a cakuɗe digiri sifili ne, kuma sensa mai daraja B an yarda ta kauce da 0.3 a wurin. Bakwai suka tsaya cikin iyaka. Ɗaya ta nuna 1.4. Yaron ya ce, "Masta, ai akwai wurin rage lamba, mu cire mata." Akwai, amma an yi shi ne don ɗan kaucin sensa, ba don rufa wa waya asiri ba. Muka bi layin, sai ga sukurun farar wayar ya kama roba da 'yan silin tagulla kaɗan. Aka sake fere ta aka ɗaure, lambar ta dawo 0.1.

Ƙararrawa kuwa sai da na tsaya na kalli yadda ake aiki a gidan kafin in sa mata lamba. Da safe ƙofa kusan a buɗe take wuni, masu dako na shiga suna fita. Duk bayan awa shida kuma injin yana tsayawa kamar minti 25 ya narkar da ƙanƙarar da ta taru a ibaporeta, iska ta ɗumama. In ka ce jiniya ta tashi da zarar an haura -18, za ta yi kuka har a gaji da ita, kuma na sha ganin ƙarshen irin wannan a wasu wurare: wani ya zare mata waya, shi ke nan. Na sa layin iska ya jira sai ya haura -12 ya kuma zauna a can minti 45. Na cikin katan na sa shi a -15 da jiran minti 5 kacal, tunda shi in ya motsa to da gaske ne. Na ba kowanne tazarar digiri 2 kafin ya saki, don kada rile ya yi ta kaɗawa a bakin iyaka. Ƙaramin ɗakin nama yana zaune tsakanin sifili da 4, kukansa daga 7.

Rile ɗin na juya shi: yana riƙe muddin lafiya, yana saki in an samu matsala. Ta haka ko na'urar ce da kanta ta mutu, jiniya za ta tashi. Ita da jiniyar na ɗora su a kan ƙaramin UPS, akwatin batir mai riƙe wuta, saboda lokacin da kamfanin wuta na ECG suka ɗauke wuta janareta kuma ya ƙi tashi shi ne lokacin da aka fi bukatar su.

Ɗan Hajiya yana son ganin lambobin a kwamfutar ofis, sai muka ja waya biyu murɗaɗɗu zuwa can. Yaren da suke magana da shi Modbus ne, wanda kamfanin Modicon ya fito da shi tun 1979 kuma har yau bai tsufa ba. Adireshi 1, gudu 9600, om 120 a kowane ƙarshen layi. Da farko shiru, sai da muka musanya wayoyin biyu, A da B, don kamfanoni ba su daidaita kan wanne ne wanne ba. Da ta fara magana, ɗakin kifi ya fito 65351, har ɗan Hajiya ya miƙe tsaye. Ba komai ba ne: na'urar tana aika -18.5 a matsayin -185, manhajar kuma an bar ta tana karanta lamba ba tare da alamar ragi ba, sai ta cire 185 daga 65536. Saiti ɗaya aka canza.

Da rubutun ya taru, ya nuna abin da agogon bakin ƙofa bai taɓa nunawa ba. Ɗakin kaji lafiya lau. Ɗakin kifi kuwa, duk ranar da mota ta sauke kaya, sensar cikin katan sai ta haura ta kwana a sama, bututun kwamfuresa ya yi zafi, injin ya yi ta aiki ba hutu. Hajiya ta fara zancen sayen sabon injin. Na shiga na duba, na tarar masu dako suna tara katan har rufi, manne da bango, sun toshe bayan ibaporeta, iska ba ta da hanyar komawa. Aka sayo fenti ja aka ja layi a bango inda tari zai tsaya, aka sa katako a ƙasa, aka bar rata tsakanin kaya da bango. Hajiya kuma ta sayi ƙaramin ma'auni mai tsinke, yanzu ba a sauke mota sai an soka shi a katan na bakin ƙofa da na tsakiya an rubuta a gaban direba.

A bayan ƙofar fanel na manna takarda mai lambar kowane layi da wurin da sensarsa take da iyakar da aka sa masa, da Hausa da Turanci. Lambar sirrin shiga saiti tana wajen Hajiya da ni. Ɗanta ya nema, ta ce ya bari tukuna. Abin da ya rage shi ne akwatin da zai riƙa tura saƙo wayarta idan jiniya ta tashi, ta ce sai bayan Sallah in kasuwa ta buɗe.