Yaron da na durƙusar a rana saboda ya riga ni lissafi

Shekarata ta uku ke nan da fara riƙe alli, ina da ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, a wata lakwal ta bayan gari a Tawa. Ajin zana ne, yara sun haura saba'in. Ran nan na rubuta lissafi a tablo: mace ta sayi kashin albasa 24, kowane kashi tamma 125, nawa za ta biya? Ban ko ajiye allin ba wani yaro daga can ƙurya ya ce, "Mushe, jikka uku," wato tamma dubu uku. Bai ɗaga yatsa ba, allonsa kuma fes, ko ɗigo babu. Na ce ya fito ya nuna mana. Ya tsaya gaban tablo ya kasa jera lambobin yadda na koyar. Nan take na yanke cewa littafina ya leƙa, na tura shi waje ya durƙusa a rana.

Da aka tashi ya tsaya bakin ƙofa, idanu jajur, ya yi mini bayani da Hausa. Tamma 125 ai dala ashirin da biyar ce, guda huɗu sun yi dala ɗari, cikin 24 kuwa akwai huɗu sau shida, dala ɗari shida ke nan, jikka uku. Shekararsa tara. Gefen tiren uwarsa a kasuwa ya tsinci wannan hanya, babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Abin da ya sa shi kuka kuwa ba ranar ba ce. Cewa ya yi, "Mushe, ban yi sata ba, kuma ba ka tambaye ni ba."

Daga ranar na sa masa ido. Abin da zan maimaita wa aji sau biyar, sau ɗaya ya ishe shi, sauran huɗun sai ya shiga tsokanar na kusa da shi ko ya kifa kai bisa tebur. Tambaya kuwa kamar ana tura shi. Idan na faɗi abu yau, na faɗi wani da ya saɓa masa bayan wata biyu, zai tuna mini har da rigar da na sa ranar. Lokacin hutu ba ya bin tsaransa ƙwallo, sai ka gan shi wajen mai gadi ko cikin ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare. Ga rashin haƙuri da zalunci: in aka doki wani a kan laifin da bai yi ba, shi ne zai tashi ya yi magana, ko da bulalar za ta dawo kansa. A gida irin wannan ake cewa mai bakin manya, a lakwal kuma mu ce marar kunya.

Abin da ya fi ruɗa ni rubutunsa. Kayensa, wato littafin rubutunsa, kamar kaza ta yi tono, a shifta kuma yana cikin na baya, shi ya sa bai taɓa shiga goman farko a aji ba. Sai daga baya na karanta bayanin wani masanin halayyar yara ɗan Faransa, Jean-Charles Terrassier, cewa irin waɗannan yara ba sa girma bai ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta yi gaba, hannu da zuciya suna nan a shekarunsu. Wato kan ɗan shekara goma sha uku, yatsun ɗan shekara tara, kuka kuma na ɗan shekara bakwai. Tunaninsa ya riga ya kai ƙarshen jimla, biki, wato alƙalaminsa, yana farkonta, sai ya haɗiye haruffa. Ni kuwa kullum jan biki nake zuba masa, ina rubuta cewa ba ya mai da hankali.

Masu awon basira suna da ma'auninsu. Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin farko a Faransa a 1905, asali ma don gano yaran da ke buƙatar taimako. Yau yawanci ana cewa mai baiwa ga wanda ya kai maki 130, kusan mutum biyu cikin ɗari. In haka ne, kowace shekara ina da ɗaya ko biyu a ajin zanan nan ban sani ba. Amma ban ba gwaji gaskiya ɗari bisa ɗari ba. A 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya tara yara kusan 1,500 masu maki mafi yawa, aka bi rayuwarsu har tsufa. Babu wanda ya ci kyautar Nobel cikinsu, alhali yara biyu da gwajin ya bari waje, William Shockley da Luis Alvarez, sun ci ta a 1956 da 1968. To ina ga ɗan Adar, yankin nan na Tawa, da za a gwada da Faransancin da bai fara ji ba sai a CI, ajin farko?

Na maza ma da sauƙi, don suna damunka har ka lura. Na yi wata yarinya shekaru bayan haka, shiru-shiru, kullum tsakiyar aji take zuwa. Wata rana na tarar ta gyara wa ƙawarta dukkan lissafi daidai, nata kuma ta bar biyu da kuskure. Da na matsa mata sai ta ce, "Mushe, in na zo ta ɗaya ba sa tafiya gida da ni." Malamin makarantar allonsu ya riga ni ganinta da nisa, don shi ya san yadda take wanke allo kafin kowa. Mu ƴan boko ba mu cika tambayar malaman allo ba, kuma asararmu ce.

Uwar yaron nan ta zo da na aika kiranta, a tsorace, ta ɗauka wani laifin ya sake yi. Na ce, "Inna, ɗanki kai gare shi, irin wanda ban taɓa gani ba." Ta waiga hagu da dama ta ce, "Mushe, don Allah kar ka riƙa faɗa cikin mutane, baki ba shi da kyau." Sannan ta ba ni labari cewa tun bai cika shekara biyu ba yake haɗa magana, har kakarsa ta kai shi aka yi masa rubutu. Ban yi mata gardama ba. Yabo a bainar jama'a ma ba ya amfanin irin waɗannan yara, yana sa su tsoron kuskure har su daina taɓa abin da ba su tabbata za su iya ba.

Mun yi shawara da darakta kan a tsallakar da shi aji, muka fasa saboda rubutun. Abin da na iya shi ne aro littafin lissafin CM2, in ya gama aikin aji in yago masa ɗaya mai wuya. Na kuma hana kaina hukunta amsar da ta zo da sauri sai na ce, "Yaya ka yi?", ko da Hausa za a ba ni bayanin.

Da hunturun shekarar ya tare ni da wata: me ya sa ruwan rijiya yake da ɗumi da asuba, alhali na randa kamar ƙanƙara? Na ce ya ba ni kwana biyu. Na dawo na gaya masa cewa can ƙarƙashin ƙasa zafi ba ya cika sauyawa tsakanin rani da ɗari, iskar sama ce ke yin sanyi, shi ya sa hannu ke jin ruwan da ɗumi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mushe, kai ka auna, ko a littafi ka gani?" Na ce a littafi. Ya ce to ko likita zai ara mana abin awon zafi, mu auna yanzu, mu sake aunawa in bazara ta yi.