Mako na huɗu: teburin talabijin ɗin Yaya

'Yan uwa masu koyon kafinta, ga inda aka kwana. Teburin ya kai ga fenti, amma sai da na sake yanka samansa. Santimita 80 na yi masa da farko, don tsohuwar talabijin ɗin gidan ƙafa ɗaya gare ta a tsakiya. Sabuwar, mai inci 43, ƙafa biyu ce, kowacce can kusa da gefe, faɗinta kuwa ya kusa mita ɗaya. Ku auna tazarar ƙafafun kafin zarto ya taɓa katako. Incin da ke jikin kwali daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba zai gaya muku faɗi ba.

Jikin da MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, na yi shi saboda sauƙin kuɗi, sai dai ba ya shiri da ruwa, da an goge ɗaki ya sha jiƙa sai ya kumbura. Na ɗora shi kan ƙafafun katako na gaske, na kuma buɗe baya don dikoda ta sha iska.

Ana cikin haka mijin Yaya ya ce shi a bango yake son talabijin ɗin, saboda yara. Na ga gaskiyarsa, yaro mai rarrafe yana iya jawo ta kansa. Ramuka huɗun da ke bayanta, waɗanda ake kira VESA, tazararsu milimita 200 ce kowane gefe, kusoshin M6, wato masu kaurin milimita 6, suke ɗauka. In kusa ta yi tsawo, cikin na'urar za ta taɓa, don haka da hannu na ɗaure mata ƙarfen da zai riƙe ta a bango.

Bangon ne ya ba ni wuya. Ina hudawa sai na ji bakin injin ya zurma, ashe cikin ramin bulo na faɗa, robar riƙe kusa da na cusa tana ta lilo. Maigidana a wurin aiki ya ce in ƙwanƙwasa in saurara, inda sauti ya toshe nan ne cikakken siminti. Ramin da ya ƙi, na cika shi da kwaɓin siminti na bar shi ya kama sosai.

Tsayi kuma na ƙi bin masu kai ta kusa da silin. Mutanen gidan a kan kafet suke kallo, sai na zaunar da Yaya na sa alama daidai idonta, na ɗan ɗaga kaɗan don hannun yara.

Teburin zai zauna a ƙasa ya riƙe dikoda. Saura ƙofofinsa, ranar Asabar in Allah ya kai mu.