Abin da Ƙauyen Monowi Ya Koya Mini Game da Alƙaluman Ƙidaya

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin labarin ƙasa, an ba kowannenmu aikin zaɓar ƙauye ɗaya a duk ƙasar da ya ga dama, ya bi diddigin yawan mutanensa daga kafuwarsa zuwa yau. Na zaɓi Monowi, wani ɗan ƙauye a gundumar Boyd ta jihar Nebraska a Amurka, cikin shimfiɗaɗɗen filin ciyawar nan da ba ya da iyaka ga ido. Gaskiyar magana, na zaɓe shi ne don neman sauƙi, domin na ɗauka ƙauyen da mutum ɗaya ya rage a cikinsa ba zai ba ni wahalar lissafi ba.

An kafa Monowi a shekarar 1902, lokacin da layin dogo ya iso wurin. Kafin nan dokar rabon gonaki ta 1862 ta riga ta janyo manoma zuwa waɗannan filaye, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan asalin yankin, domin tana bai wa mutum eka 160 muddin ya zauna a kanta ya noma ta shekara biyar. A wajejen 1930 mutanen ƙauyen sun haura ɗari. Daga nan sai raguwa: mutum 6 a ƙidayar 1990, mutum 2 a ta 2000, sannan mutum 1 a ta 2010.

Kuskurena na farko shi ne na fassara wannan raguwa da idon wanda ya saba da ƙauyukanmu. Na rubuta cewa fari da talauci ne suka kori jama'a, kamar yadda ƙarancin damina ke tura matasanmu cirani. Lallai farin shekarun 1930 ya yi ɓarna a yankin, amma malamin da ke duba aikina ya tambaye ni ko gonakin sun zama kufai. Ba su zama ba. Ana noma su, ana kiwon shanu a kansu har yanzu. Abin da ya faru shi ne tarakta da injin girbi sun sa iyali ɗaya na iya nome filin da a da sai gidaje da yawa, sai gonaki suka haɗe suka yi girma, matasa suka nufi birane, mota kuma ta sa mai sayayya ya wuce kantin ƙauye zuwa babban gari. Ashe wuri na iya rasa mutanensa alhali amfanin gonarsa bai ragu ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 2, ni kuwa cikin zumuɗi na rubuta sakin layi guda a kan cewa wani ya dawo. Babu wanda ya dawo. Elsie Eiler, wadda ta rage ita kaɗai tun rasuwar mijinta a 2004, ita ce magajiyar gari, ita ce magatakarda, ita ce ma'aji, ita ke tsara bayanin gyaran hanya duk shekara don samun tallafin jiha, kuma da an yi baƙo da ita za ta fara sani. Hukumar ƙidaya ta Amurka ce da kanta take ɗan sauya alƙaluman ƙananan wurare da gangan don kada a gano bayanan wani mutum takamaimai, tana barin jimillar kowace jiha yadda take. A babban birni wannan sauyi ba ya ko motsa lissafi, amma a Monowi ya ninka yawan jama'a. Mu da muka tashi muna jin jayayya a kan ƙidayar Najeriya ta 2006, ana zargin aringizo don neman kaso, ban taɓa zaton ana iya ƙara adadi don rufin asirin wanda aka ƙirga ba.

Tun daga lokacin ba na kwafar adadi daga jadawali sai na karanta bayanin yadda aka tattara shi, wato ɗan rubutun nan na ƙasa da ɗalibai ke tsallakewa. A aikin da na miƙa daga ƙarshe na bar 2 a layin shekarar 2020, tunda shi ne adadin hukuma, sai na sa alama a gefensa, na yi bayani a ƙasa cewa mace ɗaya ce a ƙauyen, tare da gidan abincinta da ɗakin karatu mai littattafai kusan 5,000 da mijinta ya bari.